Tambaya kan ainihin gudun jirgin sama a zafin Sakkwato

Assalamu alaikum, malamai. Agogon gudun jirgi matsin iska yake aunawa, wato bambancin matsin da ke shiga bututun pitot na gaba da na ramin gefen jirgi, kuma an daidaita shi ne kan iskar bakin teku mai zafin digiri 15.

Filin jirgin Sultan Abubakar III kuwa yana kusan ƙafa 1,000 sama da teku. Idan zafin Afrilu ya kai 42, iska takan saki har ta zama kamar ta ƙafa 4,500. To, agogo ya nuna not 100 (not shi ne mil ɗaya na teku a awa), ina kuma neman ainihin gudun jirgin a cikin wannan iska. Ƙa'idar ƙara kashi 2 cikin ɗari kan kowace ƙafa 1,000 ta ba ni 109, lissafin nauyin iska kuma ya ba ni 107. Ina biyun suka shige? Ƙa'idar ce kintace kawai, ko ƙafa 1,000 da filin yake sama da teku ya kamata in ɗauka maimakon 4,500? Don Allah a warware mini.