Antibairos: riga-kafi, garkuwa ko gadi?

1/ Jama'a, na daɗe ina tuntuɓe da kalmar nan antibairos a rubutu, wato manhajar da ke kare kwamfuta daga bairos, ina neman sunanta da Hausa. Ina son mu tsayar da magana ɗaya. Ni dai na zaɓi "manhajar gadi".

2/ Da yawa suna cewa "riga-kafin kwamfuta". Tana da daɗin faɗi, amma riga-kafi allura ce, a yi maka ka kama gabanka. Manhajar nan kuwa ba ta barci. Duk fayil ɗin da ka sauke, duk filashin da ka soka, sai ta duba kafin a buɗe.

3/ Na so "garkuwa" ƙwarai. Sai dai yau in ka furta ta, hankalin mai sauraro na tafiya ga kuɗin fansa. Kuma akwai muguwar manhajar da sana'arta ke nan: ta kulle fayilolinka, ta ce sai ka biya. Haka WannaCry ta yi a watan Mayun 2017, ta ratsa ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka ɗage ganin marasa lafiya. Mu bar wa irinta sunan: manhajar garkuwa da fayiloli.

4/ "Maganin ƙwayar cuta" ya yi kaɗan. A 1986, lokacin da wata bairos mai suna Brain ta fito daga Lahore tana bin faifan kwamfuta, da sunan ya isa. Yanzu bairos ɗaya ne cikin dangi: akwai tsutsa mai yaɗa kanta ta intanet, akwai mai shigar burtu kamar manhajar kirki, akwai mai leƙen kalmar sirri. Dukansu manhajar ɓarna ne.

5/ Dubi aikin mai gadi. Yana riƙe da hotunan sanannun ɓarayi, ita ma tana da kundin alamomin kowace manhajar ɓarna da aka taɓa kamawa, tana gwada fayil da su. Baƙon da ba ya cikin kundi fa? Sai ta lura da take-takensa. Idan ya fara kulle ɗaruruwan fayiloli cikin daƙiƙu, ko yana taɓa wurin da bai shafe shi ba, ta tare shi. Ba kullum take gogewa ba, tana killace shi har mai kwamfuta ya yanke hukunci, domin takan zargi mai gaskiya. Kundin da ba a sabunta shi kuwa, ɓarawon jiya kawai ya sani.

6/ A uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke raba wa sauran bayanai, aikin gadin ya fi nauyi, tunda fayil ɗaya mai ɓarna zai iya isa ga duk kwamfutocin da ke ɗiba daga gare ta.

7/ Wani malami ya ce mini "manhajar tsaro". Malam, tsaro ya haɗa har da katangar intanet mai tace abin da ke shiga da fita, da kalmar sirri, shi ya sa na kauce masa. Wanda ke da kalmar da ta ɗauki bincike, lura da killacewa gaba ɗaya, ya kawo mu auna ta da gadi.