Shin sanin kayan aikin masu kutse yana taimakawa wajen kare kwamfuta?

Mai shagon kwamfuta, gefen Ringim:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago a wani ƙauye kusa da Ringim, inda muke buga takardu, muna cike wa ɗalibai fom ta intanet, ranar kasuwa kuma muna sana'ar POS. Ƙanena da ke taya ni aiki ya sauke wata manhaja mai suna Kali Linux a kan tsohuwar laftof ɗin shagon, ya ce da ita ake koyon yadda masu kutse ke shiga na'urorin mutane, wai kuma sanin hakan ne zai ba shi damar kare namu. Hankalina bai kwanta ba, domin a garinmu da zarar an ga yaro ya duƙufa a gaban baƙin allo rubutu na ta gudu, sai a fara raɗe-raɗin ya zama ɗan yahu. Ina roƙon masana su faɗa mini ko wannan ilimi yana da amfani ga mai son tsaro, ko kuwa in hana shi tun wuri.

Injiniya mazaunin Dutse:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka bai yi maka ƙarya ba. Kali Linux, wadda aka fitar a 2013, an haɗa ta ne domin ma'aikatan tsaro da ake biya su gwada kutsawa cikin na'urorin kamfani kafin ɓarayi su riga su. A cikinta akwai Nmap, wadda take nan tun 1997, aikinta kuwa shi ne ta zagaya na'ura ta lissafa maka ƙofofin da aka bari a buɗe, kamar yadda maigida ke zagaya katanga da tocila bayan mamakon ruwan sama. Da ɓarawo da maigadi duk manhaja ɗaya suke amfani da ita, kuma abin da ta nuna wa wannan shi za ta nuna wa wancan.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan tsaga tun watan Maris, waɗanda suka yi sakaci da sabuntawa ne abin ya ritsa da su. Wanda ya taɓa ganin yadda ake shiga ta irin wannan kafa da idonsa ba zai sake danna "sai an jima" ba idan kwamfuta ta nemi sabuntawa.

Wata mai sana'ar POS daga Kazaure:

Ban ƙi maganar Injiniya ba, amma ina ganin ya yi nisa da kasuwarmu. Mu nan ba ta baƙin allo ake cutar mu ba, ta kiran waya ne. A gaban teburina wani dattijo, da kuɗin awakinsa biyu a asusu, ya amsa kiran wani da ya ce daga banki yake, za a rufe masa asusu idan bai gyara BVN ba. Kafin in ankara ya karanta masa lambobin da ke jikin katinsa, da lambar da ta shigo masa ta saƙo, yana ta godiya. Da na saka katin domin duba masa, abin da ya rage ko kuɗin motar komawa gida bai kai ba. Shi kansa Kevin Mitnick, ɗan Amurka da aka kama a 1995, wanda daga baya ya koma ba kamfanoni shawara kan tsaro, ya fi shahara ne da yaudarar ma'aikata ta waya har su miƙa masa sirri da bakinsu. Saboda haka idan yaron zai koyi dabarun ɓarayi, ya haɗa da wannan, ya kuma riƙa yi wa masu zuwa shagon bayani.

Ɗalibin shari'a daga Ɓagwai:

Yaya, abu guda zan ƙara. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba tare da izini ba, kuma cewa "gwaji nake yi" ba lallai ne ta wanke ƙanenka gaban alƙali ba. Ya tsaya kan na'urorin shagonku da yardarka. Idan wata makaranta ko wani shago suka ce ya duba musu nasu, ya karɓi izinin a rubuce, a fayyace na'urar da zai taɓa da ranar da zai yi aikin. Wayfay ɗin maƙwabta ba filin atisaye ba ne.

Mai shagon kwamfuta, gefen Ringim:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Daren jiya na zauna kusa da shi, na ce ya gwada a kan rautar shagon, wato na'urar da ke raba mana intanet. Ko minti biyar ba a yi ba ya buɗe shafin sarrafa ta, ashe kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ce har yanzu, ga ta ma a rubuce a jikin takardar da ke manne a ƙasanta, shekara uku ke nan. Mun canza ta. Laftof ɗin kuwa na ce a shago za ta riƙa kwana, makulli yana hannuna.