Sasanci a ƙungiyar manoma: magidanci mai zafin rai ko tuzuru mai sanyin hali?

Mai tambaya, Argungu: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafar rani za ta naɗa wanda zai riƙa sasanta mu idan saɓani ya taso kan injin ban ruwa ko iyakar gona. Mutum biyu ne a gabanmu, magidanci mai mata biyu da aka sani da saurin fushi, da wani da bai taɓa aure ba, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Dattawanmu sun ce wanda bai riƙe gida ba, ba zai riƙe jama'a ba. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa ganin irin wannan.

Malami, Jega: Wa alaikumus salam. Hali ake dubawa, domin hadisi ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, ba a kuwa sa aure cikin sharuɗɗan ba.

Hajiya, Birnin Kebbi: Allah gafarta Malam, ba kowane shiru ne haƙuri ba. Na zauna da mutumin da bai taɓa zagina ba, amma da zarar mun saɓa sai ya daina cin abincina, ya bar ni ina neman laifina ni kaɗai. Da danginsa da nawa suka zauna sulhu, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta, ya ce ba shi da ta cewa, washegari sai ga takardar saki. Har yau mutane ni suke zargi, saboda shi ake gani salihi.

Manomi, Augie: Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma zaman aure daban, rikicin fadama daban.

Hajiya: Ɗana, ai dattawan mai tambaya ne suka ce aure ake dubawa, kuma wadda ta zauna da mutum ta fi kowa sanin yadda yake riƙe fushi.

Wani matashi, Yauri: A ba mai mata biyu, wanda ya iya raba kwana zai iya raba ruwa.

Manomi, Augie: Rikicin ma ba na hali ba ne, na kuɗi ne. Bara naira 5,000 na biya hayar inji a wuni.

Mai inji, Suru: Alhaji, ni 8,000 nake bayarwa, ban da mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wanda ya zuba mansa ba ya yarda maƙwabci ya ja ruwa kyauta, ko wa aka naɗa.