Neman shawara: naira 25,000 ta shigo asusun mahaifiyarmu, ba mu san daga ina ba

Mai tambaya, daga Tudun Wada, Zariya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawararku nake nema a kan wani abu da ya hana mahaifiyarmu sakat. Ranar Talata da yamma alat ya shigo wayarta, naira 25,000. Ba ta bin kowa bashi, mu 'ya'yanta kuma duk an tambaye mu, babu wanda ya tura. Rubutun da ke jikin saƙon a gutsure yake, haruffa ne da lambobi, babu sunan mutum. Maƙwabciyarmu ta ce kuɗin tallafin gwamnati ne, wai wata 'yar'uwarta a Gyallesu ma ta samu. Inna ta tuna cewa shekarun baya wasu sun zo unguwa tare da mai unguwa suna rubuta sunayen tsofaffi da matan da mazajensu suka rasu, amma ba ta san na mene ne ba.

To jiya sai ga wani ya kira ta, ya ce shi ya tura bisa kuskure, kuɗin maganin ɗansa ne, don Allah ta mayar masa, ya kuma ba da lambar wani asusu. Tausayi ya kama ta, so take a mayar yau ɗin nan. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaya ake gane ko kuɗin gwamnati ne? In kuma ba nata ba ne, ta wace hanya ake mayarwa?

Ma'aikacin banki, PZ:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada a tura wa mutumin nan ko sisi, kada kuma a taɓa kuɗin tukuna. Ka lallashi Inna, kwana biyu ba za su ɓata komai ba.

Saƙon waya ba ya ɗaukar dogon rubutu, shi ya sa kuka gan shi a gutsure. Cikakken bayanin yana cikin sitatimen, wato takardar shige da ficen kuɗin asusu. Ka raka ta reshen bankinta, ita da kanta, domin ba za a ba ka bayanin asusun wani ba ko da mahaifiyarka ce. Ta riƙo katin shaida ko takardar NIN da wayar da alat ɗin ya shigo. Ba layin masu cirar kuɗi za ku bi ba, teburin kula da kwastoma za ku je. Ku nemi sitatimen na wata uku, ba na ranar kaɗai ba, don a ga ko irin wannan kuɗin ya taɓa shigowa ba ta lura ba. Sannan ku ce a buɗe muku wannan shigar, a faɗa muku sunan asusun da ya turo, da bankin da kuɗin ya fito, da cikakken bayanin da mai turawa ya rubuta, da lambar shaidar turawar, wadda muke kira seshan aidi. In ta hanyar tura kuɗi ta nan take ya zo, lambar guda 30 ce. Shida na farko suna nuna bankin da ya turo, sha biyun da ke biye kuma rana ce da lokaci. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye, duk inda maganar ta kai ita za a fara tambayarka.

Ga inda mutane suke rikicewa. Kuɗin ma'aikatun tarayya suna zaune ne a asusun bai-ɗaya na TSA a Babban Banki, suna fita ta tsarin biyan kuɗi na Remita ko GIFMIS, don haka wani lokaci za ka ga CBN, wato Babban Bankin, ko Remita ko gajeren sunan ma'aikata. Amma tallafin talakawa sau da yawa ana bi da shi ne ta hannun bankuna da kamfanonin biyan kuɗi da aka ba kwangilar rabawa. Ke nan ganin sunan kamfani bai nuna ba na gwamnati ba ne. Abin da yake yanke magana shi ne in kun ga sunan mutum ɗaya, wane ɗan wane. Gwamnati ba ta raba tallafi daga asusun wani mutum.

Mai POS, Sabon Gari:

Yaya, kafin ma ku hau Keke zuwa banki, kun duba balas? Akwai alat na bogi, saƙo ne kawai da aka tsara shi ya yi kama da na banki, asusu kuwa bai ƙaru da komai ba. Ku duba da lambar bankin ta waya ko a na'urar ATM, ku gwada da abin da ta san tana da shi kafin Talata.

Shi kuma mai kiran, dabarar tasu kala biyu ce. Akwai wanda ba shi ya turo ba sam, ya dai ji an fara biyan tallafi a gari, sai ya kama kiran lambobin tsofaffi yana kuka, wanda ya faɗa ya faɗa. Akwai kuma wanda ya fi muni: ya kwashe kuɗin wani, ya watsa su asusun mutanen da ba ruwansu, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cewa a mayar masa ta wani asusun daban. Ranar da mai kuɗin ya kai ƙara, asusun Inna ne za a gani ya karɓa kuma ya tura gaba, nata za a rufe. Ka lura da kyau, mai kuskure na gaskiya ba ya ba da sabon asusu, bankinsa yake zuwa. Ka kuma tambayi kanka ina ya samo lambar wayarta. Mai tura kuɗi suna kawai yake gani da lambar asusu, sai fa in irin asusun nan ne da lambar waya ce lambarsa.

Wata Hajiya da ta san aikin rajistar tallafi, cikin gari:

Ɗana, rubuta sunayen da Inna ta tuna ya yi kama da yadda ake haɗa rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa. Jama'ar unguwa ake tarawa su fitar da gidajen da suka fi buƙata, sai ma'aikata su bi gida gida suna ɗaukar bayani. Ofishin NASSCO ke riƙe da rajistar a tarayya, kowace jiha kuma tana da sashenta da ake kira SOCU. Mai biyan kuɗin daban ne, shi ne ofishin rabon tallafin kuɗi na ƙasa, NCTO. A zamanin Buhari naira 5,000 ake ba gida a wata, ana haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu, galibi a hannun uwar gida. A watan Oktoban 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da na naira 25,000 sau uku, jimla 75,000, da nufin kaiwa ga gidaje miliyan 15, da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 800. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin lokacin da aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, da aka dawo kuma aka ce sai an tantance mutum da NIN ko BVN. Wannan ne ya sa biyan yake zuwa a rarrabe. Wadda aka rubuta tun shekarun baya, ta ma manta, sai ta ga alat rana tsaka saboda sai yanzu bayananta suka dace. Kashi na biyu ma ba lallai ya biyo a wata mai zuwa ba, kada ta ci bashi a kansa.

Amma dacewar adadi ba hujja ba ce, 'yan damfara ma sun san 25,000 ake biya. Bayan banki, ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku, wato ta Zariya tunda a Tudun Wada kuke, ku tambayi jami'in da ke kula da shirin tallafin kuɗi. Ku je da NIN ɗinta a duba ko gidanku yana ciki. Mai unguwa ma zai tuna ko su waye suka zo rubutun. Ba a biyan ko kwabo don a duba suna, ba a sayar da fom, ba a shiga ta liƙau ɗin da ake yawo da shi a WhatsApp. Duk wanda ya ce ta ba shi kaso don shi ya saka sunanta, ko don a sako sauran, ƙarya yake, kuma akwai jami'in karɓar koke a shirin saboda irinsa.

Wani malami, Samaru:

Ƙari a kan bayanin Hajiya, don masu karatu da nasu adadin ya bambanta. Ba duk kuɗin da ya fito daga gwamnati ne kyauta ba, wannan ya kamata a riƙe. Ɗalibin ABU ko na Nuhu Bamalli da ya cike fom ɗin rancen ɗalibai na NELFUND, in ya ga 20,000, kuɗin kashewarsa ne na wata, kuma bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Kuɗin makarantar kuwa makaranta ake tura wa, ba ɗalibi ba. Naira 50,000 da aka raba wa masu ƙananan sana'o'i a 2024 ta Bankin Masana'antu tallafi ne, amma sai wanda ya nema. Alawus ɗin da ake ba masu digiri a da a shirin N-Power na matasa 30,000 ne. Ma'aikatan tarayya sun riƙa ganin 35,000 ita kaɗai ba tare da albashi ba, ƙarin da aka yi ne bayan cire tallafin mai, wanda aka riƙa biyan bashinsa daga baya. Rancen korona na bankin NIRSAL kuwa mutane da yawa sun ci shi a matsayin rabon arziki, alhali bashi ne. Tun 2020 akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ya ba banki damar cire bashinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin mai bashin. Shi ya sa wani tallafi zai shigo masa da safe, kafin la'asar ya ɓace.

Tambaya ɗaya gare ka ɗan'uwa: marigayi Baba ya yi aikin gwamnati? In ya yi, kuma Inna ce magajiyar da ya rubuta, ku sa a rai cewa zai iya zama ragowar haƙƙinsa ne.

Malamin Islamiyya, Kwarbai:

In ya tabbata haƙƙin marigayi ne da ya bari, to a kai wa malamin gado ya duba, kada a ɗauka na wanda asusunsa ya karɓa ne shi kaɗai. In kuma na wani ne ya ɓato hanya, amana ce a hannunta har a gano mai shi. Niyyar Inna ta mayarwa kyakkyawa ce, Allah Ya saka mata. Ka dai fahimtar da ita cewa miƙa shi ga wanda ba a tabbatar ba bai sauke mata nauyin ba, domin mai haƙƙin na gaskiya yana nan yana nema.

Lauya, Kongo:

Malam ya yi daidai, doka ma haka ta gani. Wanda ya san kuɗi ba nasa ba ne ya kashe, ana iya tuhumarsa da cin dukiyar wani, kuma sai ya biya. Ga yadda za ku kare ta. In banki ya nuna sunan wani mutum ne, nan take ta rubuta takarda zuwa ga manajan reshe: rana kaza naira kaza ta shigo asusuna mai lamba kaza, ban san mai turowa ba, ga seshan aidi, na yarda a ɗaure wannan adadin a mayar wa asusun da ya fito. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ku tafi da shi. Ku ce adadin kaɗai za a ɗaure, ba asusun duka ba, don ta ci gaba da hidimarta da sauran kuɗinta. Shi mai kira, amsarsa ɗaya ce: je ka bankinka ka shigar da koke, su za su tuntuɓi namu. Mai gaskiya zai je. Kada ku goge lambarsa da lambar asusun da ya bayar, ku nuna wa banki.

In banki ya yi muku shiru, ku tabbata kun karɓi lambar koke tun ranar farko. Bayan sati biyu ba a warware ba, kuna da damar kai maganar sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN, tare da kwafin takardar nan mai hatimi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Mun duba balas, kuɗin suna ciki da gaske. Baba ɗinki ya yi har ya rasu, bai yi aikin gwamnati ba. Gobe da safe za mu je banki. Sai dai yanzu Inna take gaya min cewa mutumin ya sake kira, ya ce tunda ba ta iya turawa ba ta karanto masa lambobin da ke jikin katinta zai ja da kansa. Ta karanta masa na gaban, da ya ce ta juya bayan katin sai ƙanwata ta karɓe wayar. Wani saƙo mai lambobi ya shigo daga baya, ba a ba shi ba.

Ma'aikacin banki, PZ:

To wannan ba zai jira gobe ba. Saƙon nan OTP ne, wato lambar da banki ke turowa don tabbatar da cirar kuɗi, alamar ya riga ya gwada amfani da katin. Ku rufe katin yanzu: akwai lambar kiran banki a bayansa, kuma bankuna suna da lambar rufe kati ko asusu ta waya. Lambar da ke jikin katin za ku kira, ba wadda wani ya turo muku ba. Kada a karanta wa kowa saƙon, ko da ya ce daga banki yake ko daga Abuja, kuma wayar ta kwana a hannunka yau, domin zai sake kira da wata lambar. Rufe kati ba ya hana kuɗi shigowa, in tallafin ne sauran zai same ta. Gobe in kun je sai ta nemi sabon kati, ta sa sabuwar lambar sirri wadda ba shekarar haihuwarta ba, a kuma duba mata ko an haɗa NIN da BVN ɗinta da asusun, da ko sunan da ke jikinsu iri ɗaya ne harafi da harafi. Ku isa kafin ƙarfe tara, teburin kwastoma yana cika da wuri.