Likita ya ce ciwon ya fi ƙarfin magani, shin mu gaya wa Baba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifinmu na fama da ciwon daji na huhu, yanzu ya bazu zuwa hanta da ƙashi. Likitoci sun dakatar da allurar kashe ƙwayoyin dajin, sun ce abin da ya rage shi ne a riƙa sauƙaƙa masa raɗaɗi. Mu 'ya'yansa aka ja gefe aka gaya wa, shi bai ji ba. Yayanmu ya ce kada wanda ya kuskura ya faɗa masa, wai zai karaya. Jiya ina gyara masa matashin kai ya riƙe hannuna ya ce, "Me ya sa aka daina yi mini ƙarin ruwan nan?" Na rasa ta cewa. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi sauƙi. Wannan tambayar da ya yi miki, ƙofa ce ya buɗe. Mai jiki ya riga kowa sanin halin da jikinsa ke ciki: yana ganin ramar da yake yi, yana ganin kun yi shiru idan ya farka. Sau da yawa kuna ɓoye masa, shi ma yana ɓoye muku, kowa na kuka shi kaɗai. Ba na cewa ki je ki zazzage masa komai. Ki zauna, kada ki tsaya a kansa, ki ce, "Baba, kai yaya kake jin jikin naka?" Sannan, "Kana so likita ya yi maka bayani dalla-dalla, ko ka fi so ya yi mana mu?" Daga nan ki yi shiru, ko shirun ya yi miki tsawo. Wani zai ce a faɗa masa duka, wani zai ce ku ji da shi. Duk wanda ya zaɓa haƙƙinsa ne.

Wani ɗan uwa: Ni dai ina bayan Yayanku. Rai na hannun Allah. Wa ya ba likita ilimin ranar mutuwa?

Wani likita: Malam, ba mu san rana ba, gaskiyarka. Shi ya sa likitan kirki ba ya yanke lokaci, sai dai ya ce kwanaki zuwa makonni, ko makonni zuwa watanni. Kuma kuskurenmu ya fi karkata wajen tsawaitawa: wani bincike a Amurka a shekarar 2000 ya gano kashi 20 cikin 100 kacal na hasashen likitoci ne ya yi daidai, akasari sun zarce ainihin lokacin nesa ba kusa ba. Abin da ya fi nuna hanya shi ne saurin canji. Idan daga wata zuwa wata ake ganin rauni, ana maganar watanni. Idan daga mako zuwa mako ne, makonni. A lura da yawan kwanciya, yawan barci da raguwar ci.

Batun karaya kuwa, wani bincike na 2008 a kan masu ciwon daji da ya yi nisa ya nuna waɗanda suka tattauna ƙarshen rayuwa da likitansu ba su fi sauran shiga baƙin ciki mai tsanani ba. Kuma kulawar sauƙaƙawa ba sallama ba ce. A wani bincike da aka wallafa a 2010, a wani babban asibiti a Boston, an bi masu irin ciwon Baba su 151. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, kuma tsaka-tsakin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuma 8.9.

'Yar uwa, ki nemi likitansa ya zauna da ku tare da Baba da Yayanku. Wannan nauyin ba naki ba ne ke kaɗai.

Wata uwa: 'Yata, mun ɓoye wa mijina har ya rasu. Bayan rasuwar muka tarar da basussuka da amanar mutane da babu wanda ya san kansu, ga ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa magana. Da ya sani da ya kira shi. Ki bi Yayanki a hankali, shi ma tsoro ne ke cinsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Likita, sun kuma rubuta masa mofin, wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi, Yaya ya ce shi ke gaggauta mutuwa.

Likitan: Idan an fara da kaɗan ana ƙarawa bisa raɗaɗin, yadda aka rubuta, ba ya gaggauta ta. Ku ba shi a kan lokaci, kada ku jira sai ciwo ya taso. Mofin yana sa bayan gida ya yi tauri, don haka ku nemi a haɗa masa da maganin sassauta ciki tun yau.