Tari ɗaya, magani daban: daga cuta ne ko daga likita?

Malam Sani: Jama'a, ina nan kan bakana. Bambancin da ke tsakanin ƙasashe wajen rubuta wa mai tari da mura antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, ba daga cuta yake ba, al'ada ce. A 2009 an fitar da binciken da ya bi manya sama da 3,000 masu tari a ƙasashen Turai 13, duk a hannun likitocin matakin farko. Wani wuri kashi 20 cikin ɗari aka rubuta wa, wani wuri kusan kashi 90. Warkewa kuwa kusan ɗaya.

Bala: Malam, da sauƙi dai. Ƙila inda aka rubuta da yawa ciwon ya fi tsanani, ko sanyinsu ya fi yawa.

Dakta Hadiza: Bala, masu binciken sun lissafa tsananin ciwon, bambancin bai gushe ba. Da sanyi ne, ai Suwidin da Nowe za su fi Girka shan maganin, amma akasin haka ake gani. A 2002 abin da Faransa ke sha ya ninka na Holan kusan sau uku, alhali Beljiyam kaɗai ke tsakaninsu.

Usman: Dakta, na yarda ba cuta ba ce, amma kalmar "al'ada" ɗin nan ta Malam Sani ta yi mini arha. Tsari ne. A Holan kowa na da likitansa da ya san shi. Yaro ya zo da ciwon kunne, sai a ba da maganin rage zafi a ce a dawo bayan kwana uku in bai lafa ba, kuma za a dawo. Ga gwajin CRP na ɗigon jini daga yatsa, mai auna alamar kumburi a jiki, cikin mintuna likita ya samu haske. Wanda ba shi da gwaji, kuma bai san ko zai sake ganin majinyacin ba, tsoro zai sa ya rubuta. Sai kuɗi: kafin 2000 likitocin Koriya ta Kudu su ke rubutawa su ke sayarwa, har aka raba ayyukan biyu.

Hajiya Rabi: Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Amma in na yi sati biyu ina tari, kakin ya koma kore, likita ya ce in sha ruwa in huta, wallahi sai in ga bai yi mini komai ba.

Dakta Hadiza: Hajiya, abin da ke sa mu rubutawa ke nan, don kar a fita ana hararar mu. Tarin bairos, wanda antibayotik ba ya yi wa aiki, yakan kai kwana 18 kafin ya bar mutum, kuma launin kaki shi kaɗai ba hujja ba ne. An gwada antibayotik ɗin amoxicillin da ƙwayar gwaji wadda ba magani a cikinta a kan mutum sama da 2,000 da ba a zargin suna da nimoniya, wato ciwon huhu. Amfanin kaɗan ne, ga gudawa, tashin zuciya da ƙuraje ga wasu.

Bala: To wanda nimoniyar ke gare shi fa? Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 740,000 a 2019. Da yawansu rashin maganin ne ya kai su, ba yawansa ba.

Dakta Hadiza: Nan kam kana da gaskiya. Yaron da numfashinsa ke sauri, ƙirjinsa na lotsawa, ba a cewa a jira. Ko a Birtaniya an ga nimoniya ta ɗan ƙaru a asibitocin da ke rage rubutawa, ko da yake ƙarin kaɗan ne ƙwarai.

Malam Sani: Usman, Faransa ta fara gangami a 2002 da taken cewa antibayotik ba dole ba ne kullum. Cikin shekara 5 rubutawar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tunanin mutane aka taɓa.

Usman: A lokacin ne kuma aka raba wa likitocinsu gwajin gaggawa na ciwon maƙogwaro kyauta, Malam. Wanne ya yi aikin, tallan ko gwajin?

Malam Sani: Gwajin na hannunsu har yau, amma shan maganin ya sake hawa daga baya. Ka amsa mini wannan tukuna.