Albashin Jos da ba ya zuwa kan lokaci, ko kwantiragin wata shida a Abuja?

Mai Neman Shawara, Jos

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki, domin an ba ni zuwa ranar Litinin in ba da amsa. Shekarata shida ina aiki a wani kamfani a nan Jos, ni ke kula da kwamfutocinsu da sabarsu (babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan kamfani) da layin intanet na rassansu uku. Ina roƙon a lura cewa ba rubuta manhaja nake yi ba. Aikina jan kebul ne, da saita na'urori, da tabbatar da cewa komai bai tsaya ba. Albashina naira 210,000, amma tun bara ba ya zuwa kan lokaci, wani sa'in sai goma ga sabon wata, kuma cikin mu biyar da ke sashen saura mu biyu. Yanzu wani sabon kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya da ke Abuja ya yi mini tayin naira 480,000, sai dai kwantiragi ne na wata shida, wai idan an gamsu da ni a mayar da ni na dindindin. Ina da mata da yara biyu, muna zaune a gidan mahaifina a Unguwar Rogo ba na biyan haya, kuma mahaifiyata tana hannuna. Tsorona kada in saki reshe in kama ganye. In tafi, ko in daure?

Ɗan Gwarinpa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni a ganina duka biyun ɓata lokaci ne, domin duk wanda ake biya da naira a yau albashinsa narkewa yake yi a hannunsa. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Ka zauna ka koyi rubuta manhaja sosai, ka buɗe shafi a Upwork da LinkedIn, ka nemi aikin da za a biya ka da dala kana ɗakinka. Ni haka na yi, kuma dala 600 da nake samu a wata ta fi albashin manyan ma'aikata da yawa.

Tsohon Ma'aikacin Wuse

Ƙanina, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na ɗan yi shiru, domin kamar kaina nake gani shekaru kaɗan da suka wuce. A farkon 2022 na bar aikin da nake yi a wata makaranta, inda albashin ƙarami ne amma ba a taɓa tsallake mini wata ba, na koma wani sabon kamfani a Wuse 2 da ya ninka mini kuɗin har sau uku. Ofis mai sanyi, shayi da abincin rana kyauta, shugaban yaro ne mai fara'a da ke kiran kowa ɗan gida. Na ci bashin ƙungiyar adashin ma'aikata na biya hayar shekara biyu, na kwaso iyali, na sa yara a makarantar kuɗi.

Abin da ban tambaya ba, kuma babu wanda ya gaya mini, shi ne daga ina albashin yake fitowa. Ashe ba daga cinikin kamfanin ba ne, daga kuɗin masu zuba jari ne na ƙasashen waje. Da Amurka ta shiga ƙara kuɗin ruwa a waccan shekarar, sai masu zuba jarin suka janye hannunsu daga irin waɗannan kamfanoni. Muna ofis muna karanta labarin cewa kamfanin Meta mai Facebook ya sallami mutum 11,000 a watan Nuwamba, Google ya bi da 12,000 a watan Janairun 2023, muna jajanta musu kamar gobarar ba za ta iso layinmu ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka turo mana gayyatar taro ta bidiyo, mu goma sha huɗu. Taron bai kai minti goma ba. Kafin a gama magana na duba akwatin saƙona na ofis na tarar an rufe shi. Mai gadin da muke gaisawa kullum, wanda nake sayo wa goro, shi aka sa ya karɓi kwamfutata da katin shaidata a bakin ƙofa, yana kawar da kai don kada mu haɗa ido. An yi mana alkawarin albashin wata ɗaya, aka biya rabi bayan wata uku. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na je in ciri kashi 25 na fanshona, wanda doka ta yarda wa wanda ya yi wata huɗu babu aiki, sai na tarar wata tara ana yanke kashi 8 daga albashina amma ba a zuba ko kwabo ba, balle kashi 10 da ya kamata kamfanin ya ƙara. Na yi wata goma sha ɗaya ina tura takardu. Na sayar da mota, uwargida ta sayar da sarƙarta ba tare da ta gaya mini ba sai daga baya. Yau kyamarorin tsaro da sola nake haɗa wa mutane a gidaje, alhamdu lillahi ana cin abinci, amma har yanzu ban gama biyan bashin nan ba. Kada ka bar gidan mahaifinka da ba ka biyan haya don takardar wata shida.

Uwar Biyu

Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Maigidana ma haka aka yi masa, shi kam ta saƙon waya aka sanar da shi yana kan hanyar zuwa ofis.

Mazaunin Kubwa

Labarin yana da ban tausayi, amma kuskuren biyan hayar shekara biyu ne, ba zuwa Abuja ba. Mai tambaya ba sai ya kwaso iyali ba. Ɗaki ɗaya mai banɗaki da wurin girki a ciki yana samuwa a Kubwa a kan naira 600,000 a shekara, ni nawa nake biya ke nan. Ya zauna shi kaɗai, duk mako biyu ya bi ta Keffi da Akwanga ya leƙa gida.

Ɗan Gwarinpa

Malam, wace Kubwa kake magana? Abokina ya nema a watan jiya, babu abin da aka nuna masa ƙasa da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ban da kuɗin dillali da na lauya da na ajiya. Kai tsohon ɗan haya ne, shi ya sa mai gidan bai taɓa ka ba.

Uwar Biyu

Mu a Mararaba naira 450,000 muke biya, ɗaki da falo. Sai dai abin da ka rage a haya za ka biya shi a mota da lafiyar jiki, domin wanda bai fita kafin ƙarfe shida ba zai kwana a cunkoson Nyanya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota bai sake komawa inda yake ba, kuma a ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Maigidana yana kashe kusan naira 70,000 a wata a zirga-zirga kawai.

Mai Ɗaukar Ma'aikata

Ina neman afuwa, amma har yanzu babu wanda ya dubi irin aikin da wannan bawan Allah yake yi. Shekarata goma sha biyu a sashen kula da ma'aikata, kuma sau biyu ina cikin waɗanda aka ɗora wa rubuta sunayen da za a sallama, abin da ba na fatan in sake yi. Idan kuɗi ya ja baya, ba a tambayar wa ya fi ilimi. Tambayar da ake yi ita ce, idan wane bai zo gobe ba me zai tsaya? Waɗanda aka ɗauka don gina sabon abu da bai fara kawo kuɗi ba su ake fara cirewa. Mai riƙe da saba da layin da kuɗin abokan ciniki ke bi ta kansa yakan kasance cikin na ƙarshe. Kai kanka shaida ne, Malam: an rage uku a sashenku an bar ka.

Saboda haka kafin Litinin ka koma musu da tambayoyi, kuma ka nemi amsar a rubuce. Shin gurbin sabo ne, ko wani ne ya bari, kuma me ya sa ya bari? Kamfanin yana biyan albashi daga abin da yake samu ne ko daga jarin da aka zuba masa? Yana da lasisin Babban Banki na kansa ko a ƙarƙashin wani yake fakewa? Kwana nawa za su ba ka sanarwa idan za su soke kwantiragin? Akwai fansho da inshorar lafiya a cikin wata shidan? Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa. Sannan ka gwada neman hutun wata shida ba albashi a wurin aikinka na yanzu. Kamfanin da ke fama da biyan albashi yakan karɓi wannan da hannu biyu.

Tsohon Ma'aikacin Wuse

Hajiya, da girmamawa, irinku ne suka karanta mana takardar sallama. Ni ma na yi tambayoyi, an ba ni amsoshi masu daɗi, kuma matar da ta ba ni su ita ce ta jagoranci taron nan na minti goma. Wanda ke rubuta sunaye ba zai san zafin ganin sunansa a takarda ba. Shawarar wanda wuta ta ƙona ita ce abin ji a nan.

Mai Ɗaukar Ma'aikata

Alhaji, ban raina abin da ya same ka ba, kuma abin da aka yi da fanshonka laifi ne da za ka iya kai ƙararsa Hukumar Fansho ta Ƙasa ko Kotun Ma'aikata. Amma kamfani ɗaya ka gani daga ciki, ni kuwa na ga biyar, kuma ni ma an taɓa sallamata ina da cikin wata bakwai. Idan kowa ya ƙi motsi saboda labarinka, shi wannan da albashinsa ke zuwa goma ga wata wa ya ba shi tabbacin cewa kamfaninsa zai kai baɗi?

Injiniya Mai Ritaya

'Ya'yana, ku sassauta. Ni na yi shekara talatin da biyar a aikin gwamnati, kuma ra'ayina bai canza ba: ya riƙe na hannunsa, ya ci gaba da neman gurbi a ma'aikata ko hukuma. Albashin kaɗan ne amma babu mai kiranka taron bidiyo ranar Juma'a. Ya kuma shiga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da ma'aikatar sadarwa ta Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023, kyauta ne, ya ƙara ilimi.

Ɗan Gwarinpa

Baba, shirin nan ya fi amfani ga masu farawa, wannan kuwa shekararsa shida a fagen. Kuma lokacin da kuka shiga aiki takarda ake aiko wa mutum har gida.

Ɗan Bukuru

Ni dai abin da nake ji masa shi ne zafi. Mutumin da ya saba kwana da bargo biyu a Jos, idan watan Maris ya riske shi a Mararaba babu wuta, da ƙafarsa zai dawo kafin kwantiragin ya ƙare. In kuma ya nace sai ya tafi, ya ɗauki buhun dankalin Turawa daga Farin Gada, ko aikin bai ɗore ba ya sami jari.

Mai Neman Shawara, Jos

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Hajiya, na kira su ɗazu. Sun ce gurbin sabo ne, sanarwar soke kwantiragi mako biyu ce, babu fansho sai an tabbatar da ni. Da na tambayi inda albashi ke fitowa, sai aka ce suna gab da kammala wata yarjejeniya da masu zuba jari. Maganar hutu kuma ina jin nauyin ɗaga ta, domin idan na tafi abokin aikina shi kaɗai zai riƙe rassa uku, kuma idan ya iya, me zai sa a mayar da ni? Baba, aikin gwamnatin ma na nema sau huɗu. A na ƙarshe wani ya kira ni ya ce akwai gurbi a sashen kwamfuta na wata hukuma, amma sai na kawo naira miliyan biyu.

Uwar Biyu

Kada ka ba shi ko sisi! Ƙanina ya ba wani naira 800,000 a kan irin wannan, har takardar ɗaukar aiki aka ba shi mai hatimi da sa hannu. Ya ɗinka sababbin kaya, mahaifiyarmu ta yi sadaka, ya je ranar kama aiki aka ce ba su san da takardar ba. Kuɗin gonar gado ne.

Mazaunin Kubwa

Miliyan biyu ai na ƙananan wurare ne. Ni abin da aka ambata mini a wata hukuma mai maiƙo miliyan biyar ne, kuma wanda ya faɗa mini ba baƙo ba ne, tare muke sallah.

Injiniya Mai Ritaya

Wannan magana tana sa ni baƙin ciki, domin Hukumar Daidaito a Ɗaukar Ma'aikata an kafa ta ne don kowace jiha ta sami rabonta, kuma ƙa'ida ita ce a tallata gurbi kowa ya nema. A zamaninmu ba mu san wannan ciniki ba.

Tsohon Ma'aikacin Wuse

Baba, ƙa'ida tana nan a takarda. A cikin wata goma sha ɗayan nan da na yi a gida, sau uku ina jin an ɗauki ma'aikata a asirce a wuraren da na kai takarduna da hannuna, ba talla, ba jarrabawa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauka a sashen kwamfuta daga baya ya zo shagon da nake aiki da kwamfutar ofis a hannu, yana roƙon in nuna masa yadda ake haɗa ta da firinta. Na nuna masa, ya ba ni naira 5,000.

Ɗan Bukuru

Uwar Biyu, shi wanda ya karɓi kuɗin ƙaninki an kama shi kuwa? Ina tambaya ne domin maƙwabcina yana shirin sayar da babur ɗinsa a kan irin wannan alkawari, kuma ya ƙi jin maganata.